Lamba Ɗaya a Littafin Dalyop

Ranar Lahadi, tara ga Fabrairun 1992, maƙwabcina Dalyop ya sunkuya a kan teburin sinuka, wasan nan na tura ƙwallaye masu launi cikin rami da sanda, zai buga shuɗiyar ƙwallo, bai ɗago ba.

Ba wanda ya motsa. Dalyop mutum ne da in ya sunkuya kana iya sauka ƙasa ka sayo jarida, ka dawo ka tarar bai buga ba. Shekara ashirin da shida yana kwandasta a bas mai hawa biyu da ke bi ta Aldwych a birnin London, kuma duk ɗan saurin da Allah ya ba shi can ya ƙarar da shi. Saboda haka muka jira. Ni ina goga wa sandata alli. Katung yana ɓare gyaɗa. Hambali, direban minicab, wato tasi, mutumin Kumasi, ya duba agogo.

"Baba, ka buga mana. Ƙwallo ba zai gudu ba, amma mu muna tsufa."

Sai sandar ta suɓuce daga hannunsa, ta gangara a kan koren ƙyallen, ta taɓa ja guda. Katung ne ya fara ganewa, domin aikinsa tura gadon marasa lafiya a asibiti. Ya watsar da gyaɗar ya yi kansa. Ni kuwa, Allah na tuba, abin da ya fara zuwa raina shi ne: fawul, maki biyar.

Sunana Badaru. Na shekara goma sha tara ina koya wa Turawa Hausa a Bloomsbury, har na kai matsayin da nake iya gane ɗalibin da ba zai taɓa iya gaisuwa ba tun daga yadda ya buɗe ƙofa. Matata Turai ta rasu a 1983, ba mu haihu ba. Bayan rasuwarta na rufe flat ɗina na Stratford, na zauna da littattafai, waɗanda suka fi mutane da abu guda: ba sa cewa ka yi haƙuri.

Dalyop yana ƙofar da ke kallon tawa, shi da matarsa Anatu. Mutumin Jos ne, Kirista, mai yawan fara'a ba gaira ba dalili. Lahadi ta bakwai da rasuwar Turai, ya dawo daga coci ya buga min ƙofa.

"Farfesa, mun rasa mutum ɗaya. Mu goma sha ɗaya ne, lissafi ba ya fita."

"Ni ba farfesa ba ne."

"Mu ma ba ƙwararru ba ne. Sa takalmi."

Haka na san ɗakin. Yana saman wani kantin dardumai, teburi biyu, fitila mai lumshe ido, da warin tsohuwar taba da ta riga mu zuwa ƙasar. Mai wurin ɗan Ireland ne, ya bar mana yammacin Lahadi saboda ba kowa a lokacin. Mu goma sha biyu, duk masu jin Hausa, daga Jos, Kano, Kafanchan, Kumasi. Kuma sama da mu duka akwai littafin.

Littafin rubutu ne mai jan bango, irin na 'yan makaranta. Tarihinsa shi ne: a wajen 1977 wani fasinja ya manta jarida a saman bas, Dalyop ya tsinta. A ciki ya karanta cewa ƙwararrun 'yan sinuka sun fara jera kansu, daga lamba ɗaya zuwa ƙasa, kuma ga yadda suke yi. Gasar duniya kaɗai ake dubawa. Wanda ya ci yana da maki biyar, wanda aka doke a fainal huɗu, semi uku, kwata biyu, zagayen farko ɗaya. A haɗa na shekara uku. A fitar da jeri sau ɗaya a shekara, kuma ba mai taɓa shi sai wata shekarar, ko da lamba ɗaya ya manta ta inda ake riƙe sanda.

Dalyop ya ɗauki wannan tsari kamar daga sama aka saukar masa. Ya kafa mana tamu gasar a watan Afrilu, daidai lokacin da su ke yin tasu a Sheffield. Huɗun da ke saman jeri ba sa buga zagayen farko, sai su zauna a kwata suna jiran talakawa. Lahadin farko ta Mayu ya manna sabon jeri a bango. Da ƙwararrun suka fara ƙara wasu gasanni cikin lissafi a 1982, daga baya kuma suka rage shekarun zuwa biyu, Dalyop ya ce sun ɓata abinsu.

"Sun ji kunya ne kawai," in ji shi. "Mu muna kan asali."

Na yi masa bayani ba sau ɗaya ba. Na karanta jerin sarakunan Borno da na Kano, na karanta na Rumawa, kuma ban ga daular da ake naɗa sarki a kan jarumtar da ya yi shekara uku da suka wuce ba. Na ce masa wannan tsari an yi shi ne don tsofaffi su daɗe a kujera.

"Ai shi ya sa yake da kyau," ya ce. "Ka ga an ture tsoho a bas?"

Shi ne lamba ɗaya tun kafin in zo. Ni na shekara uku ina hawa, tunda sabon shiga da sifili yake farawa, na isa lamba biyu a 1987, na maƙale. Shekara biyar. Duk Mayu in je in tsaya gaban bangon in karanta sunana a ƙarƙashin na mutumin da bai taɓa gama karanta littafi ba sai wanda ya rubuta da kansa.

A 1991 na doke shi a fainal. Na ɗauki kofi, wato wani kwanon tasa da Anatu ta daina amfani da shi. Mayu ta zo, aka manna jeri. Dalyop, goma sha huɗu. Badaru, goma sha uku. Ni ne zakara, ni ne lamba biyu.

"Shekara uku ake haɗawa, Farfesa. Ka yi haƙuri. Baɗi tsohon makina zai faɗi, mu fara da tara-tara. Wanda ya fi nisa a gasa shi ne ɗaya."

Ke nan abin da ya rage min: Afrilun 1992.

Yanzu sai in faɗi abin da ban so faɗi ba. A sinuka akwai wata al'ada da ban san irinta a wani wasa ba. In ka taɓa ƙwallo da yatsa, ko da maɓallin riga, ko da ba wanda ya gani, kai za ka miƙe ka ce "fawul" da bakinka. A talabijin na ga mutum ya yi haka ya rasa gasa, jama'a suka tafa masa. Ranar fainal ɗin 1991 kwana biyar ne bayan ƙaramar Sallah, kuma daga walimar gidan Alhaji Jalo, ɗaya daga cikinmu, na wuce ɗakin kai tsaye, da babbar riga. Ba mai hankalin da ke buga sinuka da babbar riga. Na naɗe ta a kafaɗa kamar mai shirin alwala. A wasan ƙarshe, saura shuɗiya da pinki, mai ruwan hoda, da baƙa, na miƙa jikina a kan teburi, hannun rigar ya zamo, ya shafi pinki. Ba ta yi motsin da ya kai ƙwayar gero ba. Amma ta yi.

Na dubi ɗakin. Katung yana duba gyaɗarsa. Dalyop yana kallon silin, yana kaɗa ƙafa. Na sa shuɗiya, na sa pinki, na karɓi kwanon tasa.

Wata goma ina ajiye lemo a cikinsa, kuma lemon bai taɓa yi min daɗi ba.

A asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Bakinsa ya karkace, maganarsa ta koma a hankali, wanda ba wani babban canji ba ne. Na je a rana ta uku da inabi, tunda haka Turawa ke yi. A cikin bas na shirya maganata tsaf. Jimla biyu ce kawai.

Anatu tana gefen gado tana saƙa. "Sannu da zuwa, Malam Badaru. Tun safe yake tambayar ko kun rufe teburin da ƙyalle."

"Maman Jane, ya mai jiki?"

"Ga shi nan, tambaye shi. Likita ya ce ya huta, shi kuma lissafi yake da yatsun da suka rage."

Dalyop ya juyo da idon da ke aiki sosai. "Farfesa. Wa ya ci?"

"Wanne?"

"Wanda na faɗi."

"An bar shi."

"Ina gaba. Da sha ɗaya."

"Sandarka ta taɓa ja."

Ya auna maganar, kamar yadda yake yi kafin bugu. "To fawul ne," ya ce. "Na faɗa. Ka shaida. Saura shida." Ya ɗan huta. "Kai fa? Akwai labari?"

Ga ƙofa a buɗe. Na dubi inabin.

"An sake haƙe titin gaban tasha," na ce.

"Council," in ji shi cikin baƙin ciki, yana nufin hukumar unguwa.

Na koma bayan mako guda. Wannan karon 'yarsa Jane tana nan, wadda aka haifa a London, tana jin Hausa sarai amma ta rantse ba za ta mayar da ita ba. Ta fita neman shayi. Muka rage mu biyu.

"Kwandasta," na ce, "game da fainal ɗin bara."

"Ka yi wasa mai kyau."

"Ba wannan ba."

"Shuɗiyar nan. Daga nesa. Ban zaci za ka sa ba." Yana kallona, bai ƙifta ba. "Da wannan uwar rigar."

Sai kuma wani abu ya taso min, wanda na sani tun ina yaro, wanda ya hana ni ba Turai haƙuri a kan abubuwa da yawa sai da ya zama ba ta ji.

"Rigar ba ta hana ni doke ka ba," na ce.

Ya yi dariya da rabin baki. "Ba ta hana ba."

A zuwa na uku barci yake. Na zauna minti arba'in ina kallon hannunsa na dama, mai kanta a inda injin tikiti ya ci shekara da shekaru. Na ce a raina, Lahadi. Ranar Asabar da hantsi Anatu ta buga min ƙofa, na buɗe na gan ta a tsaye, na gane. Na san wannan tsayuwar. Na taɓa yin ta a ƙofarsu.

Aka yi jana'iza a cocinsu, kwandastoci shida suka ɗauke shi, huɗu mutanen Jamaica. Na tsaya a baya kusa da ƙofa. Fasto ya ce marigayi mutum ne mai haƙuri da jira, Hambali ya yi tari mai kama da dariya, Katung ya taka masa ƙafa.

Ba zan yi wa mai karatu ƙarya ba. A hanyar dawowa daga maƙabarta na yi lissafi. Tara-tara. Shi ba zai buga ba. In na ci wasa ɗaya tak, na zama lamba ɗaya. Na ji kunyar lissafin, amma na sake yin sa a kan matakala, ya sake fita daidai.

Lahadin farko ta Afrilu muka taru don fitar da jadawalin gasa. Muna cikin gardamar wa zai riƙe littafi, sai ga takun mace a matakala. Anatu ce, cikin baƙin gyale, da jakar hannu. Shekara goma sha biyar mijinta yana zuwa ɗakin nan, ba ta taɓa taka shi ba. Ta dubi fitilar, ta dubi bangon, ta ce, "Ashe nan ne." Ta ja kujera ta zauna, ta fito da jan littafin ta ɗora a cinya.

"Ya ce a bi littafi. Ni zan riƙe."

"Madalla, Maman Jane," na ce. "Abu na farko, sai a cire sunansa, kowa ya matsa sama."

Ta sa tabarau, ta buɗe shafin farko, ta karanta da muryar karatun coci. "Doka ta ɗaya. Jeri ba ya canzawa sai Lahadin farko ta Mayu. Ba don ciwo ba, ba don tafiya ba, ba don komai ba."

"Bai ce mutuwa ba."

"Ya ce komai, Malam. Kai ne mai koyar da Hausa."

Katung ya gyaɗa kai. "Komai dai komai ne."

"Mutumin nan ya rasu!"

"Mun sani," in ji Anatu. "Ni na wanke masa riga ta ƙarshe. Amma har Mayu shi ne lamba ɗaya, kuma lamba ɗaya yana kwata yana jira."

Na kawo musu misalai daga tarihi. Na ce ko a daulolin da ake ɓoye mutuwar sarki, kwana uku ake yi, ba wata uku ba. Ba wanda ya saurare ni. Aka rubuta Dalyop a saman jadawali, ni a ƙasa, yadda ba za mu haɗu ba sai a fainal. Na kwantar da hankalina da doka ta biyu, wadda na sani da ka: wanda bai zo ba, a jira shi minti goma sha biyar, sannan abokin karawarsa ya wuce. Dalyop ya yi wannan dokar ne saboda ya san mutanen da yake hulɗa da su. To, zai sami maki biyu na kwata yana kwance a maƙabartar Manor Park, a fitar da shi, ni in wuce semi da uku. Ba laifi.

Wanda ya faɗo masa a kwata shi ne Alhaji Jalo, mai gida a unguwar attajirai ta St John's Wood, wanda ke zuwa cikinmu da direba don ya ji Hausa. Ya ci zagayen farko, ya tashi Kano gaisuwar Sallah da ya makara, ya ce kwana huɗu zai yi. Ranar kwata ba Alhaji, ba labarinsa. Muka jera ƙwallaye, muka zauna. Anatu ta cire agogon mijinta daga jaka ta ajiye a bakin teburi. Minti goma sha biyar muna kallon ƙofa muna jiran mutum biyu, ɗaya a Kano, ɗaya a lahira.

"To," na ce, "an fitar da su duka."

Ta juya shafi. "Doka ta uku. In duka biyun ba su zo ba, wanda ya fi girma a jeri ya wuce."

"Yaushe aka yi wannan?"

"Shekarar da aka yi yajin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa," in ji Katung. "Kai ma ka sa hannu. Ga shi nan, da koren biro."

Da koren biro kuwa. A lokacin ni ta amfana.

Dalyop ya shiga semi. Ni na doke wani tela mutumin Zariya da kyar, gumi har cikin takalmi, na shiga tawa. Matacce bai ko goga alli ba.

A semi Hambali ne zai kara da shi. Na same shi a gindin matakala ranar Asabar, yana goge motarsa.

"Ba abin da za ka yi," na ce. "Ka zo, ka tsaya, minti goma sha biyar, ka wuce fainal. Ka taɓa zuwa fainal?"

"Ban taɓa ba."

"To?"

"Malam, matana Memunatu ya ce kar in je."

"Me ya haɗa Memunatu da sinuka?"

"Ya ce, kai za ka tsaya a ɗaki, ka jera ƙwallo, ka kira sunan matacce, ka ce kana jiranshi?" Ya matse tsumman. "Minti goma sha biyar. In ya zo fa?"

"Ba zai zo ba!"

"Baba Dalyop bai taɓa fashin Lahadi ba. Kai ka sani."

Na yi masa wa'azi, na kawo masa hujjar addini da ta hankali. Ya saurara da ladabi, ya ce gaskiya ne, duk gaskiya ne. Ranar Lahadi ya ɗauki fasinja zuwa filin jirgin sama na Heathrow, bai dawo ba sai da aka tashi. Doka ta uku. Ni kuma na kara da Katung, wanda bai taɓa wasa mai kyau irin na ranar ba, kamar an aiko shi. Sai a baƙar ƙwallo ta ƙarshe na doke shi.

Haka aka kai fainal: Badaru da Dalyop, kamar bara, kamar bara waccan. Ya zo da maki tara, na zo da tara. Wanda ya ci, sha huɗu. Wanda ya faɗi, sha uku. Ni abin da ake nema a wurina shi ne in kasance a ɗakin, a raye, na minti goma sha biyar. Na yi imani zan iya.

Na sa 'yar shara mai ɗamammen hannu. Na zo da kwanon tasa a leda, na juye lemon a gida. Ɗakin ya cika, har Alhaji Jalo ya dawo da tsarabar kilishi, har Hambali ya zo, amma ya tsaya kusa da taga, wai don iska. Katung ya jera ƙwallaye. Ya ɗauko sandar Dalyop daga ma'ajiyarta ya jingina a kujerar da yake zama, ba wanda ya sa shi. Anatu ta ajiye agogo. Ƙarfe uku daidai.

"Malam Badaru," ta ce, "karɓi. Na manta tabarau. Kai za ka rubuta sakamako."

Ta miƙo min littafin. Shekara tara ina ƙarƙashin mulkinsa, ban taɓa riƙe shi ba. Ya fi yadda na zata sauƙi. Bangon ya yi laushi, yana warin aljihun kwat da alli. Na buɗe ina neman shafin bana. Rubutun Dalyop ƙanana ne, a miƙe, irin na mutumin da ya saba rubutu a tsaye cikin mota mai tafiya. 1984: Sabon mutum, Farfesa. Bai iya ba. Ya zo dai. 1986: Farfesa ya yi dariya yau. 1989, 1990. Sai shafin bara.

Fainal, 21 ga Afrilu. Badaru 3, Dalyop 2. Badaru maki biyar.

A ƙasa, da fensir, ƙanana fiye da sauran:

Hannun riga ya taɓa pinki. Bai faɗa ba. Zai faɗa. Ina jira.

Na ɗaga kai. Anatu tana kallon agogo, kuma har yau ban san ko ta karanta ba, ko da gaske ta manta tabarau. Uku da minti shida.

Mutumin da ke kallon silin yana kaɗa ƙafa. Shekara ashirin da shida yana tsaye a bayan bas, yana gane wanda bai biya ba daga ƙeyarsa. Kuma ni na ɗauka bai ga hannun riga mai faɗin zani ba.

"An ci minti tara," in ji Katung.

Alhaji Jalo ya zagayo da kilishi. "Malam, ka ci mana. Yau ranarka ce. Ko sai an naɗa ka?"

Na ce na ƙoshi. Na dubi teburin. Pinki tana wurinta a saman jajaye, ba ruwanta. Na yi tunanin in faɗa a nan, gaban kowa. Amma ba su nake bi ba. Katung zai ce Allah sarki, Alhaji zai ce ai ya wuce, a yafe min cikin minti ɗaya da bakin da ke tauna kilishi. Wanda ke da haƙƙin ji ya tambaye ni sau biyu, na ba shi labarin titi.

"An ci minti sha uku," in ji Katung.

Na rufe littafin na ajiye a gefen agogo. Na fito da kwanon daga leda na ɗora a kujerar, kusa da sandar. Na ɗauki kwat ɗina.

"Ina zuwa?" in ji Katung. "Saura minti biyu."

"Shan iska."

"Malam, in ka fita kafin lokaci ya cika, kun zama ku biyu ba ku zo ba. Ka san doka ta uku."

"Ni na sa mata hannu. Da koren biro."

Hambali ya ja baya daga taga, idonsa a kan kujerar. "Ka ga wani abu ne? Malam, don Allah, ka ga wani abu?"

Na sauka. Matakalar ashirin da biyu ce, ban taɓa ƙirgawa ba sai ranar. A waje ana yayyafi, kantin dardumai a rufe, titin gaban tasha har yanzu a haƙe. Na tsaya a ƙarƙashin rumfar kantin har na ji ƙarar kujeru a sama, da muryar Anatu tana karanta wani abu. Sannan wani ya fara tafi, shi kaɗai, a hankali. Ina jin Katung ne.

Lahadin farko ta Mayu ni na rubuta jerin, tunda Anatu ta bar min littafin. Dalyop, sha huɗu. Badaru, sha uku. Na manna a bango. Tela mutumin Zariya ya ce in ana so a gyara tsarin yanzu ne, a koma shekara biyu kamar ƙwararru, a ƙara gasanni, ai ni na daɗe ina faɗa. Na ce masa sun ɓata abinsu.

Da tsarin shekara uku mutum ba ya ɓacewa lokaci guda. A 1993 ya sauka zuwa na uku. A 1994 yana na bakwai, da makinsa biyar na fainal ɗin da ya ci yana kabari, har yanzu yana gaban Hambali. Lamba ɗaya kuwa Katung ya ɗauka, domin hannuna ya fara rawa, kuma ban damu yadda na zata ba.

A Mayun 1995 makin ƙarshe ya faɗi. Na je ɗakin da wuri, kafin kowa, na rubuta suna goma sha ɗaya, lissafi bai fita ba. Na cire ƙyallen teburin. Na jera ƙwallaye yadda yake so, jajaye a matse, pinki a bakinsu. Sandarsa tana ma'ajiya, allin da ya goga mata ranar tara ga Fabrairu yana nan a kanta, ya dushe.

Kalma ɗaya ce, ba ma ta Hausa ba. Na tsaya a inda na tsaya da babbar rigar, na sa ɗan yatsa na taɓa pinki. Ta gusa kaɗan, kamar ƙwayar gero, ta tsaya.

"Fawul," na ce.

Fitilar tana ta lumshe ido a kan koren ƙyallen. Na ba shi minti goma sha biyar.